Kayan Gyaran Mota Daga Ƙetare: A Yi Lissafin Duwan Kafin A Tura Kuɗi

   

Yau batun mota za mu yi. Wani zai ce mene ne haɗin makiyayi da kayan gyaran mota? To ai a zamanin nan ragon da aka kiwata a daji ba kullum yake zuwa kasuwa da ƙafarsa ba. Mota ke kawo shi. Dusa da harawa da ruwan rani mota ke kai su. Ranar da Hilux ɗin ƙauye ta kwanta, mai tumaki da mai albasa da mai haƙuri da za a kai asibiti duk sun kwanta tare da ita. Kuma tun da wayar hannu ta shiga ko'ina, mutane da yawa sun fara sayo kayan gyara kai tsaye daga Dubai da Sin da Turai. A wata biyun nan an bugo mana waya fiye da sau goma ana kuka iri ɗaya: an tura kuɗi, kaya sun iso, amma duwan ta riƙe, ko kuɗin fito ya zo ya fi abin da aka zata. Shi ya sa muka ware shirin yau domin wannan magana.

Abin da ya faru da kawuna

Zan fara da gidanmu, don kada a ce ina ba da labarin da ban gani ba. Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, mai tsohuwar Hilux kat-kat da yake ɗaukar dabbobi daga kasuwannin yankin Dakoro zuwa Maraɗi. Saura wata biyu Babbar Salla, akwatin giyar motar ya mutu. Buwat ke nan, kamar yadda makanikai ke cewa a nan. Ya zagaya wurin ƴan piyes a Maraɗi, aka ce masa jika 450. Ya ga tsada. Sai wani ya haɗa shi da wani yaro da ke zaune a Dubai, yaron ya turo hotuna ta WhatsApp, buwat ya sha wanka yana ƙyalli, ya ce jika 300, sati uku ya iso.

Kawu ya sayar da sa guda, ya tura kuɗi. Bayan kwana goma yaron ya ce a ƙaro jika 100 na jirgi da inshora. Ya ƙara. Sati uku ya zama wata uku, don kayan ta jirgin ruwa suka biyo, suka sauka Lome, sannan suka hau babbar mota. Da suka iso ofishin duwan, sai aka tarar takardar ciniki da yaron ya rubuta ta ce jika 100 aka sayi kayan. Ma'aikaci ya duba ya ce wannan ba farashinsa ba ne, a kawo shaidar biyan kuɗi. Shaidar ta nuna jika 300. Aka sake lissafi, aka ɗora tara, kuɗin ajiya kuma yana ta hawa kowace safiya. Kafin buwat ya fito, abin da Kawu ya kashe ya haura jika 650.

Ba a nan ta tsaya ba. Ranar da aka kai wa makanike, ya juya shi sau biyu ya ce: "Alhaji, wanga na ƙaramar Hilux ne, ba na kat-kat ba. Ba ya shiga." Salla ta wuce, raguna sun tafi a motocin wasu. Da na je gaishe shi, abin da ya ce mini shi ne: "Kai ɗan rediyo, ka gaya wa mutane, ni dai na yi cinikin biri a sama." To Kawu, yau ga shi ina cika alkawari.

Ka san motarka kafin ka nemi kayanta

Makiyayi ba ya sayen saniya sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora. Mota ma tana da nata haƙoran, su ne lambobinta. Akwai lambar shasi, wadda ke rubuce a jikin katin mota, kart giriz, kuma an buga ta a jikin ƙarfen motar. A motocin da aka yi domin Turai da Amurka da yawancin kasuwannin duniya, lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Motocin da aka ƙera domin cikin Japan lambarsu ta fi haka gajarta. Ka ɗauki hoton lambar a jikin motar, kada ka dogara da kati kaɗai.

Sannan akwai lambar inji. Cewa "Hilux" kawai bai isa ba. Akwai mai injin 3L, akwai 5L, akwai 2KD, duk na gazuwal ne amma kayansu ba ɗaya ba. Akwai masu shan esansi irin 22R da 3RZ da 2TR. Land Cruiser ta daji da yawa 1HZ take ɗauke da shi, mai silinda shida. Kuma motocinmu na nan, kun san halinsu: bodi na wata shekara, inji na wata. Sau da yawa an taɓa canja inji, kati bai sani ba. Saboda haka makanikenka ya kamata ya duba da idonsa ya gaya maka abin da ke ciki.

Abu na uku, kowane ƙarfe yana da tasa lambar daga kamfani. A Toyota yawanci alƙaluma goma ne, biyar, sai ɗan layi, sai biyar. In ka samu wannan lamba a jikin tsohon ƙarfen da ya lalace, ita za ka tura. Mai sayarwa ya turo maka hoton lambar da ke jikin nasa, ka gwada. In ya ƙi, ka san akwai magana.

Kada kuma a manta da gefen sitiyari. A Japan da Ingila sitiyari yana hannun dama, mu namu yana hagu. Inji zai iya shiga, amma ƙarfen sitiyari da fitilun gaba da allon gaban direba ba za su yi daidai ba.

Daga ina kayan suke zuwa

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo na kamfanin da ya ƙera motar, shi ne mai tsada. Akwai sabo na wasu kamfanoni, a cikinsa akwai nagari, akwai jabu mai kwali mai kyau. Sai na hannu, okaziyo, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira tokumbo ko Beljiyam. Sunan Beljiyam ɗin nan ba banza ya samu ba: shekaru da yawa tsofaffin motocin Turai daga birnin Burusal ake tara su, a loda su a tashar jirgin ruwa ta Antwap zuwa Kotonu da Lome.

Abin da mutanenmu ke kira kayan Dubai, galibinsa daga Sharja yake, garin da ke manne da Dubai, inda ake tara injuna da rabin motoci da aka yanko daga Japan. A Japan ana yi wa mota bincike mai tsanani bayan shekara uku da sayenta, daga nan kuma duk shekara biyu, shi ya sa mutane ke rabuwa da mota tun injinta da sauran ƙarfi. Sabbin kaya masu araha kuwa yawanci daga Gwanzo ta ƙasar Sin suke fitowa.

Kusa da mu akwai manyan kasuwanni da waɗannan kaya ke sauka: Ladipo a Legas, Nnewi a jihar Anambra, da Ƙofar Ruwa a Kano. Ƙa'idar da zan ba ku ita ce: abin da ake samu a Maraɗi ko Damagaram ko Kano, wanda makanikenka zai iya taɓawa da hannunsa, a mayar in bai yi ba, kada ka aika ƙetare nemansa don rarar jika hamsin. Ƙetare na abin da aka rasa ne a kusa, ko na ɗan kasuwar da zai sayo da yawa. Kuma birki da taya da ƙarfen sitiyari, don Allah a sayi nagari. Motar da ta ɗauko raguna talatin da mutum biyar a sama, ba wurin gwada jabu ba ce.

Kuɗin jirgi da maganar "har ƙofa"

Kafin ka tura ko dala ɗaya, ka tambayi mai sayarwa: farashin nan a ina ya tsaya? A shagonka ne? A bakin jirgi? A tashar Lome? Ko a hannuna bayan an biya duwan? Ƴan kasuwar duniya suna da gajerun sunaye na wannan. FOB na nufin ya ɗora maka kaya a jirgi, sauran naka ne. CAF, ko CIF a takardun Najeriya, na nufin kuɗin kaya da inshora da jirgi har tashar da aka ambata, amma ban da duwan. DDP shi ne har wurinka, an biya fito. Wanda ya ce maka "har ƙofa", ka ce ya rubuta wanne ne cikin waɗannan, kuma wace ƙofa.

Jirgin sama ya fi sauri, amma ba nauyi kaɗai yake aunawa ba, har da girman kwali. Ana buga tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000, wasu kamfanoni da 5,000. Kwalin bamba mai tsawon 150, faɗi 50, tsayi 40, ko da nauyinsa kilo 12 ne, kuɗin kilo 50 za ka biya. Don haka ƙananan kaya masu tsada, irin famfon gazuwal da nozul da kayan lantarki, su suka dace da sama. Inji da buwat da gada, jirgin ruwa. Tsohon inji kuma sai an tsiyaye mai da ke cikinsa kafin a karɓa, batir yana da nasa sharuɗɗan dabam.

Hanya ma ta canja. Da, kayan Nijar yawanci ta Kotonu suke biyowa, su hau ta Malanbil da Gaya. Tun bayan abubuwan da suka biyo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya da yawa suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Tera, sau da yawa a jerin gwano da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi nisa, ta fi tsada, kuma ba mai iya yi maka alkawarin rana. Wanda motarsa ke jiran aikin Salla ko na kaka, ya sa wannan a lissafi.

Game da canji: sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67. Amma tsakanin dalar Amurka da yuro ana hawa ana sauka, saboda haka farashin Dubai da na Sin a sefa yana canjawa. Naira kuwa, tun da aka sake ta a Yunin 2023, kun fi ni sanin labarinta.

Yadda duwan ke lissafi

Nan ne gizo ke saƙa, ku matso da rediyo.

Abu na farko, duwan ba a kan kuɗin da ka sayi kaya kaɗai take lissafi ba. Tana haɗa kuɗin kaya da na jirgi da na inshora, jimillar ita ce darajar kaya a wurinta. Wanda ya biya jirgin sama mai tsada, fitonsa ma ya ƙaru.

Abu na biyu, kowane kaya yana da lambarsa a kundin duwan na duniya, kuma lambar ce ke faɗin kashi nawa za a biya. Yawancin kayan jikin mota, irin buwat da birki da lagireto da gada, suna ƙarƙashin 8708. Amma inji ba ya ciki: na esansi 8407, na gazuwal 8408. Sabuwar taya 4011, batir 8507, matatar mai da ta iska 8421. Kwali ɗaya mai kaya iri biyar zai iya ɗaukar lissafi iri biyar. Tun Janairun 2015 ƙasashen Afirka ta Yamma suka fara aiki da jadawalin fito na bai ɗaya mai hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Nijar ta fita daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, amma tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu sefa.

Abu na uku, bayan fito akwai ƙananan kuɗaɗe: na ƙididdiga kashi 1, na UEMOA kashi 0.8, da kashi 0.5 na ƙawancen AES da aka amince da shi a Maris 2025. Sannan babban, wato TVA, wanda a Nijar kashi 19 ne, a Najeriya kuma kashi 7.5. Shi TVA a kan darajar kaya haɗe da kuɗin fito ake ɗora shi. Haraji ne bisa haraji.

Mu gwada da buwat ɗin Kawu. Kaya jika 300, jirgi da inshora jika 100, daraja ta zama jika 400. Mu ɗauka layinsa kashi 10 ne: fito jika 40. A haɗa, jika 440. Kashi 19 na wannan ya kama jika 83 da sefa 600. Ƙananan kuɗaɗen nan uku sun tashi wajen jika 9. Abin da zai shiga asusun gwamnati ya kai kusan jika 133. To ga 400, ga 133: jika 533 ke nan, ba a biya mai fitar da kaya ba, ba a biya ajiya ba, ba a biya motar da za ta kawo shi gida ba. Abin da aka ce masa jika 450 a Maraɗi, yana gani yana taɓawa. Ko da yaron nan bai yi ƙarya a takarda ba, ko da buwat ɗin ya shiga, Kawu ya riga ya faɗi tun ranar da ya tura kuɗi. Lissafin minti biyar a bayan kwalin shayi da ya tsare masa sansa.

Don haka ga abin da za ku riƙe: kaya masu nauyi daga ƙetare, kada ka yi mamaki in farashin da aka faɗa maka a waya ya kusa ninkawa kafin ya iso hannunka. Kuma ka je wurin mai fitar da kaya ya duba maka ainihin layin kayanka da kashinsa tun kafin ciniki, domin dokar kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa waɗannan alƙaluma.

Takardu da mutanen da za ka yi hulɗa da su

Takardun da ba a wasa da su: takardar ciniki ta gaskiya, fakti, jerin abin da ke cikin kowane kwali, takardar jirgi, da shaidar yadda ka biya kuɗi. Kayan da ke zuwa Nijar ta teku suna buƙatar takardar bin sawun kaya, BSC, wadda ke hannun hukumar CNUT. Mai shigo da kaya don sayarwa yana buƙatar lambar haraji, NIF. A Najeriya kuma ana buɗe Form M ta banki tun kafin a loda kaya, sannan kwastan ta fitar da takardar PAAR.

Kayan da suka sauka Lome amma Nijar za su, a rubuta haka a takardar jirgi tun daga can. Su kayan wucewa ne, tiranzi, fitonsu a Nijar ake biya, ba a Togo ba. In aka rubuta su a matsayin kayan Togo, gyaran takarda kaɗai zai ci kwanaki da kuɗi.

Mai fitar da kaya, tiranziter, ka nemi wanda ke da lasisin duwan da ofishin da za ka iya zuwa ka zauna. A bakin kowace iyaka akwai masu jaka a hammata da ke cewa sun san kowa. Wasunsu yaran masu lasisi ne, wasu ba na kowa ba ne. Ka tambaye shi da sunan wane ofishi zai shigar da takardarka. Ka ce ya raba maka lissafi gida biyu: ga na gwamnati, ga ladan aikinsa. Na gwamnati yana da kitansi da ke fitowa daga na'ura, da lambar diklarasiyo a jiki. Kuɗin da ba shi da kitansi bai shiga asusun kowa ba sai aljihu, kuma a shingen gaba ba zai tsare ka ba.

In ka ga an ɗora wa kayanka darajar da ta wuce abin da ka biya, kana da damar yin magana. Ƙa'idar da Nijar da Najeriya duka suka sa wa hannu a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce farashin da aka biya na gaskiya shi ne tushen lissafi. Ka kawo fakti da shaidar tura kuɗi, ka nemi ganin shugaban ofishi cikin ladabi. Amma fa mai takardar gaskiya ne ke da bakin magana. Wanda ya rage farashi a takarda ya riga ya ɗaure kansa.

Tambayoyin masu saurare

Wani direba daga Illela ya ce: "Na sayi inji a Ƙofar Ruwa, an riga an biya kwastan a Legas. Don mi duwan ta Ƙonni za ta sake karɓar wani abu?" Malam, abin da aka biya a Legas na asusun Najeriya ne. Sassaucin da ke tsakanin ƙasashenmu ya shafi abin da aka noma, aka kiwata ko aka ƙera a yankin nan. Injin Japan, ko ya shekara a Kano, ɗan Japan ne. In ya tsallako, baƙo ne a wurin duwan. Ka karɓi rasit mai sunan shago da lambar inji a jiki, shi zai taimake ka wajen lissafi, ya kuma nuna ba na sata ba ne.

Wata Hajiya daga Tasawa mai motocin haya biyu ta ce an ba ta shawara ta sayo tayoyin okaziyo, ta sayar da rabi a tsallake. Hajiya, a yi hattara. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su. Haka kuma tun 1 ga Janairu 2017 ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wanda ya yanka mota biyu ya ce kayan gyara ne, ya san abin da yake taya. Kuma ko a nan gida, kowace taya tana da ranar haihuwarta a jiki: alƙaluma huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2316, sati na 23 ne na 2016. Tsohuwar taya da zafin kwaltar watan Afrilu ba sa shiri.

Wani makiyayi daga Bermo ya ce shi bai iya karatun boko ba, yaya zai yi da duk waɗannan lambobi? Baba, ba sai ka iya ba. Abu uku za ka yi. Ka sa makanikenka ya ɗauki hoton lambobin. Ka sa ɗanka ko wani amintacce ya karanta maka fakti kafin a tura kuɗi. Kuma kada ka biya duka a tashi ɗaya ga mutumin da ba ka san gidansu ba. Kamar cinikin shanu ne: akwai dillali, akwai shaidu, akwai wanda zai tsaya in magana ta tashi. Wanda ba shi da mai tsaya masa a garinku, kuɗinka ba su da mai tsaya musu a garinsu.

Wani matashi kuma ya turo saƙo yana cewa hanyar daji ta fi sauƙi, babur ɗaya ya isa. Ɗan'uwa, ta fi sauƙi ranar da aka wuce lafiya. Ranar da aka kama, kaya sun tafi, babur ya tafi, ga tara. Inji ba buhun gero ba ne, yana da lamba, kuma duk inda motar ta je ana iya tambayar takardarsa. Ban da wannan, dajin da ke tsakanin Madarumfa da Jibiya a shekarun nan kowa ya san abin da ke cikinsa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kafin mu rufe

Ga masu motoci a tasha ɗaya, akwai dabarar da ta fi: ku haɗa kai. Mutum biyar masu Hilux iri ɗaya, in suka haɗa odarsu, kuɗin jirgi da ladan tiranziter da kuɗin takardu sun rabu gida biyar. Ku rubuta abin da kowa ya sa da abin da zai karɓa, shugaban tasha ya shaida. Kuma ku yi odar tun mota na tafiya. Kayan da kuka san suna mutuwa kowace shekara, kuloci da shokozoba da belin, a saye su da rani a ajiye, ba sai mota ta kwanta ana saura sati uku Salla ba. Mai gaggawa shi ke sayen tsada, shi ke yarda da hoton WhatsApp.

In kaya sun iso, kada a bar su su kwana da yawa a ma'ajiya. Kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake, kuma kayan da aka yi watsi da su, in wa'adi ya cika, gwanjonsu ake yi. Ka tanadi kuɗin duwan tun ranar da ka tura kuɗin kaya.

Kawu dai ya sayar da wancan buwat da hasara, ya koma wurin mutumin farko na Maraɗi. Wannan karon da makanikensa ya je, suka gwada lamba da lamba, aka ɗaura a gabansa, suka zagaya gari kafin ya cika kuɗi. Motar tana kan hanyar Dakoro yanzu haka, wataƙila ma yana jin mu. Kawu, a gaida mutanen gida, a yi tuƙi sannu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna kan takardun rigakafin dabbobi da ake tambaya a bakin iyaka, da abin da makiyayi zai yi in aka tsare masa garke. Wanda ke da tambaya kan batun yau ya aiko mana, za mu kai ta ga masu aikin su amsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.